Na goge Ubuntu, kwamfutar Yaya ta ƙi tashi, mai gyara ya ce sai fomatin

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ya aiki, ya jama'a? Ni ɗalibi ne a Kaduna, ina shekara ta biyu a karatun kwamfuta. Yayana yana da shagon kayan gini. Da zai tafi Legas sarin kaya sai ya bar mini laftof ɗinsa, HP EliteBook 'yar Beljiyam mai Windows 10, ya ce in yi aikin makaranta da ita amma kar in taɓa masa komai. Lissafin shagon duk yana ciki, har da sunayen waɗanda yake bi bashi, ga hotunan bikinsa da na sunan 'yarsa.

Malaminmu ya ce kowa ya koyi Linux, sai na sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a gefen Windows. Komai lafiya lau, in na kunna sai ta tambaye ni wanda nake so a cikinsu. Da na ji Yaya ya kusa dawowa, na shiga Windows, na buɗe Disk Management, wurin da ake raba faifan ajiya, na goge ɓangarori biyu da na ga ba su da harafi irin C: ko D:, don kar ya ga alama. Ina sake kunna ta sai baƙin allo da rubutu "error: no such partition", a ƙasansa kuma "grub rescue>". Tun daga lokacin ba ta wuce nan ba.

Na kai wa mai gyara, ya ce bairos ne ya ci but sekta, wato sektar tashi, sai an yi mata fomatin an sa sabon windo. Na ce kayan ciki fa? Ya ce sai haƙuri. Na karɓo ta na dawo gida. Malam, ko abinci ba na iya ci. Tun rasuwar Baba Yaya ne ke biya mini kuɗin makaranta. Akwai yadda zan gyara ta kafin ya dawo, ba tare da ya sani ba?

Ƙaninka, daga Kaduna

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Tashi ka ci abinci tukuna, sannan ka dawo ka karanta. Bisa abin da ka bayyana, lissafin Yaya da hotunansa suna nan daram inda ya bar su. Kuma karɓo kwamfutar da ka yi daga hannun mai gyara kafin ya yi mata fomatin, wannan ka yi dabara. Da ka bar ta ta kwana a can, da yanzu wata maganar muke yi.

Tambaya biyu ka cusa a cikin ɗaya: ko za ta gyaru, da kuma ko za a iya ɓoye wa Yaya. Gyaruwa za ta gyaru in Allah Ya so. Ɓoyewar ce ba zan goya maka baya a kai ba, zan kuma faɗa maka dalili.

Tunda ɗalibin kwamfuta ne kai, bai kamata ka buga umarni ido rufe ba, don haka bari in nuna maka abin da ya lalace. In aka danna maɓallin kunnawa, ba Windows ke fara tashi ba. Wata 'yar manhaja ce da ke dashe a jikin injin, BIOS, take fara farkawa, ta duba ƙwaƙwalwa da madannai, sannan ta je faifan ajiya ta karanta sektarsa ta farko, wato ɗan gurbin farko na faifan. Sektar nan bayit 512 ce kacal, rubutun wannan sakin layi ma ya fi ta yawa. Bayit 446 na farko ɗan umarni ne mai nuna inda za a je a ɗauko manhajar tashi. Bayit 64 da ke biye su ne teburin rabon faifai: gurbi huɗu, kowanne bayit 16, yana faɗin inda ɓangare ya fara da kuma girmansa. Bayit 2 na ƙarshe hatimi ne, 55 AA, in BIOS ba ta gan shi ba sai ta ɗauka faifan ba na tashi ba ne. Wannan tsari shi ake kira MBR, kuma tsoho ne tukuf. A 1983 ya zo, tare da PC DOS 2.0 na kamfanin IBM, a zamanin da faifan kwamfutar XT gaba ɗayansa megabayit 10 ne. Har yau 'yan Beljiyam da yawa, in dillali ya sa musu sabon windo kafin ya sayar, a kan wannan tsohon tsarin yake sawa.

Ranar da ka sa Ubuntu, ya cire umarnin Windows daga waɗancan bayit na farko ya sa nasa, na manhajar da ake kira GRUB. Shi ne wanda ke tambayarka Windows ko Ubuntu. To, GRUB ya fi ƙarfin bayit 446, farkonsa ne kawai ke zaune a can. Mafi yawan ragowarsa, har da jerin zaɓin da kake gani, yana cikin folda /boot/grub a ɓangaren Ubuntu. Ka goge ɓangaren, ka bar farkon a inda yake. Yanzu duk sanda ka kunna, BIOS ta tayar da GRUB, GRUB ya laluba ɓangarensa bai samu ba, ya ce "no such partition", ya yi tsaye. Bai ko kai ga Windows ba, balle ya taɓa masa wani abu.

Abu biyu suka ƙara kwantar mini da hankali. Rubutun da kake gani daga faifan aka karanto shi, ashe kuwa faifan yana da rai. Sannan Disk Management ba ya barin mutum ya goge ɓangaren da Windows ke zaune ko wanda yake tashi daga gare shi, zaɓin gogewar ma a dushe yake fitowa. Waɗanda ka gani ba harafi galibi na Linux ne, domin Windows ba ya karanta tsarin ext4 da Ubuntu ke amfani da shi.

Maganar bairos kuwa, mai gyara bai ƙirƙiri abin da babu ba, sai dai ba shi ne ciwonka ba. Bairos mai kama sektar tashi ya daɗe a duniya. Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a birnin Lahore na Pakistan a 1986, ta sektar tashi ta faifan fulofi yake yaɗuwa. Petya ta 2016 MBR take rubuce wa ta nemi kuɗin fansa, sai NotPetya da ta ɓarke daga Yukren a watan Yunin 2017 ta durƙusar da manyan kamfanoni, har da Maersk mai jiragen ruwan dakon kaya. Amma babu ɗaya a cikinsu da ke rubuta "grub rescue>". Wannan aikin hannunka ne, kuma hakan ya fi sauƙi.

Ba na kuma so ka riƙe mai gyaran a zuci a matsayin macuci. Fomatin shi ne aikin da ya fi saba yi, kuɗinsa sananne ne, cikin ɗan lokaci ya gama ya karɓi na gaba, ga layin mutane a bakin teburinsa. Ba shi ne zai tsaya gaban Yaya ba. Amma shawarar tasa daidai take da a ce kwaɗon shagon Yaya ya cije, sai a ce a rushe shagon da sumunti da fenti a ciki, a sake sabon gini. In kuma faifan kwamfutar irin na zamani ne, SSD, abin ya fi muni: bayan fomatin Windows yakan sanar da faifan cewa wurin ba a buƙatarsa, faifan ya share da kansa, daga nan dawo da fayil sai an yi da gaske, sau da yawa ma ba ya yiwuwa.

Kafin ka kira kowa, ɗauko filash ɗin da ka sa Ubuntu da shi, ina fata ba ka goge shi ba. Haɗa caja, ka tabbata akwai wuta ko janareta, domin batirin 'yar Beljiyam ba abin dogaro ba ne. Sa filash ɗin, ka kunna, ka riƙa danna F9 har jerin abubuwan tashi ya fito, ka zaɓe shi. Zai nuna maka "Try Ubuntu" da "Install Ubuntu". Na farkon za ka zaɓa. Ka kiyayi na biyun, domin a bayansa ne zaɓin "Erase disk" yake, 'yan dannawa kaɗan sun isa su yi abin da ka hana mai gyara yi. Wani abokinka zai ce ai ka sake sa Ubuntu kawai, GRUB zai dawo. Gaskiya ne zai dawo, amma rubutu ne a kan faifan da ba ka riga ka kwafe ba, ga hankalinka a tashe. Bar wannan hanya.

In Ubuntu ya buɗe daga filash, shiga wurin fayiloli, ka nemi babban faifan, ka danna. Za ka ga folda Windows, Program Files, Users. Shiga Users, ka ga sunan Yaya, ka ga Desktop da Documents da Pictures. Ka tsaya nan. Kar ka buɗe ko fayil ɗaya, ganin suna nan kawai muke so. In ya nuna maka ba za ka iya rubutu a faifan ba sai dai karantawa, babu damuwa, karantawar ce buƙatarmu.

Yanzu sai ka kira Yaya, yau ɗin nan, ba sai ya sauka daga mota ba.

Na san abin da ke ranka: ai in ta gyaru bai sani ba, an wuce wurin. Dubi yadda aka zo nan. Sa Ubuntu bai kashe kwamfutar ba, tana ta aikinta. Gaggawar share sawu ce ta kashe ta. Wannan gaggawar ce kuma za ta sa ka danna abin da bai kamata ba da tsakar dare, kana ƙirga kwanakin da suka rage. Wanda ke gyara a ɓoye ba ya iya tsayawa ya ce bari in jira.

Ga kuma dalilai na aiki zalla. Kafin gyara dole a kwafe fayilolinsa zuwa wani faifai, wato sunayen masu bashi da hotunan iyalinsa za su koma wani wurin da bai sani ba. Ya ba ka aron kwamfuta ne, bai ba ka izinin wannan ba. Shi ya san abin da ya fi muhimmanci da inda ya ajiye shi. In Excel yake lissafi da shi, mai yiwuwa yana kan Desktop. In kuwa manhajar lissafi ce irin QuickBooks, tana iya ajiye nata a cikin folda Public, inda ba za ka yi tunanin dubawa ba. Wataƙila ma yana da kwafi a filash a cikin durowar shago, kana nan kana ƙin abinci a banza. In kuma faifan a kulle yake da BitLocker, manhajar Windows mai kulle faifai, mabuɗinsa lambobi 48 ne da galibi ke cikin asusunsa na Microsoft, shi kaɗai zai iya ɗauko su. Ban cika zaton haka ba, tunda Ubuntu na 'yan shekarun nan yakan tsaya ya ce a fara kashe BitLocker kafin ya yarda ya zauna kusa da Windows, amma dai tambaya ba ta ɓata komai.

Ka gaishe shi, ka tambayi hanya da kasuwa, sannan ka faɗa kai tsaye, ba kwana-kwana: "Yaya, na yi maka laifi. Ka ce kar in taɓa komai, na sa wata manhaja ta makaranta, wajen cire ta kwamfutar ta ƙi tashi. Na duba, kayanka suna nan, ban bari an goge komai ba. Ina neman izininka in kwafe su sannan in gyara, ko in ajiye ta har ka dawo." Kar ka ɗora wa malaminku, kar ka ce wuta aka ɗauke, kar ka ari bairos ɗin mai gyara. Zai iya yin faɗa, yana da gaskiya, ka yi shiru ka saurara. Ɗan kasuwa ne, yakan yafe asara, amma ranar da ya gano da kansa cewa an yi masa rufa-rufa a kan littafin bashinsa, mabuɗin shago ma sai ya yi tunani kafin ya sake miƙa maka. Ganowa kuwa ba wuya: ya buɗe ya ga C: ya ragu da gigabayit masu yawa, ya tambaye ka ina suka tafi. In bakinka ya yi nauyi, ka fara faɗa wa Umma ko matarsa su tausasa shi, amma maganar daga bakinka za ta fito.

In ya ce a jira shi, ka kashe ta, ka sa a jaka. Ajiyar ba za ta ƙara mata komai ba.

In ya ba ka izini, samo faifan waje ko babban filash wanda zai ɗauki kayan. Daga cikin Ubuntu ɗin nan na filash ka kwafe foldarsa ta Users ɗungurungum, da Public, da duk abin da ke D: in akwai. Bayan ka gama, kai faifan wata kwamfuta, ka buɗe fayil ɗin lissafin da 'yan hotuna, ka ga sun buɗu da idonka. Kwafin da ba a gwada ba ni ban ɗauke shi kwafi ba.

A ce kuma ka duba ka tarar D: ɗin Yaya babu shi, ashe ɗaya daga ɓangarorin da ka goge nasa ne. Ko nan ba a yanke ƙauna ba. Goge ɓangare, bayit 16 ɗin nan na teburi ake sharewa, kayan suna kwance a wurinsu muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba. Kar ka ƙirƙiri sabon ɓangare a wurin, kar ka faɗaɗa C: ya cinye shi. Akwai manhaja kyauta mai suna TestDisk, ta wani Bafaranshe Christophe Grenier, tana kuma aiki a cikin Ubuntu. Ka zaɓi faifan, sai Analyse, sai Quick Search. In ta nuna ɓangaren da ya ɓata, danna P ka ga jerin fayilolin ciki, ka kwafe su zuwa faifan waje. Sai bayan kayan sun fita lafiya za ka yi tunanin danna Write don maido da teburin.

Sai gyaran kansa, wanda shi ne mafi gajarta a cikin aikin duka. Kana buƙatar filash na sa Windows 10. Ko ka ara, kowane mai gyara yana da shi, ko ka haɗa naka a wata kwamfuta da Media Creation Tool na Microsoft. Filash ɗin ya kai gigabayit 8, kuma duk abin da ke cikinsa zai goge. Ka tanadi data sosai, abin da za a sauke ya haura giga 4. Cire faifan da ka yi kwafi a kai, ka sa filash ɗin, F9, ka zaɓe shi. Allon harshe zai fito, danna Next. A tsakiya za ka ga "Install now" ƙato, kar ka kula shi. Can ƙasa ta hagu akwai ɗan rubutu, "Repair your computer". Shi za ka danna, sai Troubleshoot, sai Command Prompt.

Fara tabbatar da irin faifan. Rubuta diskpart, sannan list disk. A jerin da zai fito akwai layi mai kan "Gpt". In babu tauraro a ƙarƙashinsa daidai faifan Yaya, MBR ne, kamar yadda nake zato. Rubuta list volume, ka lura da harafin babban ɓangaren NTFS, wato mai tsarin ajiya na Windows, domin a nan haruffa sukan sauya, C: ɗin da ka sani yana iya zama D: ko E:. Sai exit. A cikin diskpart akwai kalmomi biyu da ko da wasa ba za ka rubuta ba, ko wane bidiyo ne ya ce ka rubuta: clean da format. Shi clean ko tambayarka ba ya yi, kana danna Enter ya share teburin rabon faifan.

Daga nan ka rubuta:

bootrec /fixmbr

Zai ce "The operation completed successfully". Abin da ya yi shi ne ya maye gurbin guntun GRUB da umarnin Windows a farkon sektar, teburin rabon faifai kuwa bai taɓa shi ba. Rufe tagar, cire filash, ka kunna. A irin matsalarka, mafi yawan lokuta nan aikin ke ƙarewa, tambarin Windows ya fito kamar ba a yi komai ba.

In ba ta tashi ba, karanta sabon saƙon da kyau, domin shi zai faɗa maka matakin da aka tsaya. "Missing operating system" ko "Invalid partition table" na nufin sabon umarnin MBR yana aiki, amma ya samu matsala wajen ɓangaren da aka yi wa alamar tashi. Ka koma diskpart, select disk 0, list partition, ka zaɓi ɗan ƙaramin ɓangaren System Reserved, wanda a Windows 10 yakan kai megabayit 500 ko sama kaɗan, a na baya-bayan nan kuma 50 kacal, ka rubuta active. In babu irin wannan ɓangare, to na Windows ɗin kansa za ka zaɓa. "BOOTMGR is missing", ko shuɗin allo mai lamba 0xc000000f ko 0xc000000e, yana nufin an wuce MBR, an tsaya a sektar tashi ta ɓangaren ko a rajistar tashi da ake kira BCD. A nan sai:

bootrec /fixboot
bootrec /rebuildbcd

Na biyun zai binciko Windows ya tambaye ka ko a ƙara shi a jeri, ka ce Y. Na farkon kan ba da "Access is denied" a Windows 10 na baya-bayan nan, kar wannan ya firgita ka, rubuta bootsect /nt60 sys a madadinsa. In rebuildbcd ya ce bai ga ko Windows ɗaya ba alhali ga shi ka gani da idonka, rubuta bcdboot D:\Windows, ka sa harafin da ka gani a list volume a maimakon D. Wannan zai sake kwafo fayilolin tashi daga cikin Windows ɗin kansa.

In kuwa ka ga tauraro a ƙarƙashin Gpt, kwamfutar a kan sabon tsari take, UEFI, wanda ya zama ruwan dare tun zuwan Windows 8 a 2012. A can fixmbr ba shi da aikin yi, domin ba a dogara da sektar farko ba. Manhajojin tashi fayiloli ne a cikin wani ɗan ɓangare mai tsarin FAT32, galibi megabayit 100 zuwa 260, na Windows da na Ubuntu kowa da foldarsa. Sau da yawa ko filash ba a buƙata: danna F9, ka zaɓi "Windows Boot Manager", wasu HP ɗin sukan rubuta "OS Boot Manager", in ta tashi sai ka shiga F10 ka mai da shi farkon jeri. In babu shi a jerin, a diskpart ka zaɓi ɓangaren FAT32 ɗin da select volume da lambarsa, ka rubuta assign letter=S, ka fita, sannan bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI.

Nakan samu wasiƙun waɗanda ba su taɓa jin sunan Ubuntu ba amma tasu ta ƙi tashi, to ga naku a taƙaice. A Dell da Lenovo F12 ne madadin F9. In kun shiga BIOS kuka ga kwanan wata ya koma shekarun baya, ɗan batirin da ke riƙe saiti ne ya mutu, galibi CR2032, sai kwamfutar ta manta ko a tsohon tsari take tashi ko a sabo. Maido da saitin kaɗai kan tayar da ita. In an ɗauke wuta tana tsaka da sabunta Windows, ga batir ya mutu, BCD ne ya fi lalacewa, umarnin da ke sama su ne maganinsa. Amma in faifan yana ƙas-ƙas, ko BIOS ba ta ganinsa sam, ko HP ta rubuta "Boot Device Not Found" da lamba 3F0, ku dakata. Ku danna F2 ku gwada faifan tukuna. In ya faɗi gwajin, faifan ne ke mutuwa, kuma kowace kunnawa rage masa kwana take yi. Kar a sa masa chkdsk, umarnin Windows na binciken faifai da gyara shi, kar a yi ta bootrec. A nemi wanda ya iya ddrescue, manhajar kwafe faifai mai mutuwa, ya ɗauki hotonsa gaba ɗaya zuwa wani faifan, a yi gyaran a kan kwafin.

Kai kuma ƙanena, in hannunka na rawa, babu kunya a koma wurin mai gyara, wannan ko wani. Sai dai ka je da sharaɗinka a baki: ba fomatin, ba sabon windo, kwafi tukuna, sannan bootrec. Ka zauna kusa da shi har ya gama, kar ka bar ta ka ce za ka dawo da yamma, saboda hotunan iyali da sirrin kasuwar Yaya. In ya zaro faifan ya haɗa da tasa kwamfutar, Windows ya ce "You need to format the disk" ko ya nemi a yi Initialize, ka ce ya danna Cancel. In ya kawo maganar a ɗora mata Windows 11 tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ka ce wannan shawarar mai kwamfuta ce. Windows 11 yana buƙatar UEFI da wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, tsofaffin EliteBook da yawa ma ba sa cikin waɗanda aka amince su ɗauke shi.

Filin da Ubuntu ya bari zai fito a Disk Management ba a raba shi ba. Ka bar shi haka har Yaya ya dawo, ka nuna masa, in ya ce a mayar wa C: sai ku danna Extend Volume tare, bayan kwafin yana hannunsa. Karatun Linux kuma kar ka fasa. "Try Ubuntu" daga filash ya ishe ka koyon umarni ba tare da taɓa faifan kowa ba. In kana son wanda zai riƙe aikinka, ka nemi izini ka sa VirtualBox, manhajar da ke kunna wata kwamfuta a cikin kwamfuta, Ubuntu ya zauna a cikin fayil guda a cikin Windows, ranar da ka gama ka goge fayil ɗin. In wani saƙo ya fito wanda ban ambata ba, ɗauki hoton allon da waya, tare da abin da list disk da list volume suka nuna, ka aiko mini kafin ka buga wani umarni.